Kwastoma na danna maɓallin oda sau biyu, yaya kuka magance?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shafin sayar da atamfa da shadda. Masu saye suna danna "Tura oda" su sake dannawa, sai in tarar da oda ɗaya ta shigo a maimaice. Sabis ne ke jan ƙafa, shi kuma maɓallin ba ya nuna alamar an taɓa shi. Waɗanda suka taɓa cin karo da wannan, don Allah ku ba mu labari.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Na sha wannan a shafin rajistar ɗalibai da na haɗa wa wata makaranta. Gyaran ɗan kaɗan ne: da an taɓa maɓallin sai launinsa ya ɗan dushe, rubutun ya koma "Ana turawa…", ƙaramin zobe ya riƙa juyawa a gefe, sannan ya daina karɓar dannawa. Tun 1993 Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da manhajoji, ya fayyace ma'aunin: in amsa ta zo cikin sakan 0.1, mutum zai ji kamar nan take ne. In ta wuce sakan 1, jinkirin zai katse masa zaren tunani. In ta kai sakan 10, hankalinsa ya bar wurin. Da irin sabis ɗinmu, saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) ba za ta taɓa amsawa a sakan 0.1 ba, amma maɓallin da ke cikin wayar zai iya. Sai dai ki ce wa mai kula da shafinki ya toshe maimaicin ta ɓangaren saba ma, kada a dogara da abin da ido ke gani kawai.

Issoufou Damagaram: Gaskiya ne, Malam. Ni tawa matsalar gaba take da wannan: mutane ba sa ma gane ina ne abin dannawa. Maɓallan shafinmu a shafe suke, sai an ɗora linzamin kwamfuta suke canza launi. To su wa ke shigowa da kwamfuta? Kusan kowa da waya yake zuwa, kuma a waya babu wannan ɗorawar. Da na sa siririyar inuwa a ƙarƙashin kowane maɓalli, irin wadda Google ta yaɗa da salon zanenta na Material Design a 2014, sai kiran "ina zan danna?" ya ragu sosai. Na kuma ƙara wa rubutu duhu ya kai bambancin haske na 4.5 da 1 tsakaninsa da launin bayansa, wanda WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa shafuka ga kowa, ta nema, domin rubutu ruwan toka a tsakar ranar Damagaram ba ya karantuwa.

Anti Balki: Ni dai ku bi a hankali da motsin nan. Yayata in ta buɗe shafin da hotuna ke zamewa ta ko'ina, jiri take ji, ta rufe. Ba ita kaɗai ba ce: da iOS 7, manhajar iPhone, ta fito a 2013 mutane sun yi ta kukan haka. Akwai prefers-reduced-motion a CSS, harshen tsara kamannin shafi, yana gaya maka ko mai wayar ya zaɓi a rage masa motsi. Ku girmama zaɓinsa mana.

Ɗan Fagge: Anti kin faɗi gaskiya. Ƙari a kai, ku gwada a ƙaramar Itel ko tsohuwar Tecno kafin ku saki. Motsin da aka yi da transform (matsar da abu) da opacity (dusar da shi) a CSS yana tafiya sumul, wanda ke canza faɗi ko tsawo kuwa sai ya riƙa sarƙewa. Ni ba na barin motsi ya wuce sakan 0.3.

Malam Nuhu Kumasi: Akwatunan toka da Facebook ke nunawa kafin rubutu ya bayyana, na gwada su, ban ji daɗinsu ba. In sabis ya yi nauyi suka daɗe a allo, dattawanmu cewa suke shafin ya lalace. Sai da na rubuta "Ku ɗan jira" a samansu aka samu lafiya. Haka ma kuskure a fom: jan launi kaɗai bai isa ba, wasu ba sa bambance ja da kore, sai da rubutu a ƙasan gurbin.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Malam Ɗan Fagge, in sabis ya yanke ana cikin "Ana turawa…", zoben zai yi ta juyawa ke nan, ko akwai yadda ake sa maɓallin ya dawo ya ce a sake gwadawa?