Yadda za a kai motar haɗi da ba ta tashi ba zuwa sabon gareji

Ga abin da na tattaro daga amsoshin da aka ba ɗan'uwanmu na Ingila, mai haɗa mota samfurin Caterham (ƙaramar mota da ake iya sayen kayanta a haɗa da kai) a gida, wanda ya tambayi yadda zai kai ta sabon gareji, don zai tashi daga gidan alhali injin bai tashi ba kuma babu birki.

1. Kusan kowa ya ce kada a ja ta da igiya a titi. Ba ta da lamba, ba inshora, ba ta ci gwajin IVA ba (binciken da hukuma ke yi wa irin wannan mota kafin a ba ta lamba), ga shi wanda ke ciki ba shi da abin tsayar da ita.

2. Mafi rinjaye sun ce a ɗora ta kan ƙaramar tirelar ɗaukar mota mai birki da na'urar ja. Tirelar da ba ta da birki kilo 750 ne iyakarta a dokar Ingila, har da nauyinta, motar kuwa ta haura 500. Lissafin ba ya fita.

3. Motar ƙasa-ƙasa take, don haka a tanadi dogayen katakai don kada cikinta ya karce wajen hawa. A ɗaure ta ta tayoyi, ba ta bodi ba, bodin na siririn alminiyom da faiba ne, ba ya jure matsi.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce a yi hayar tirela a tuƙa da kai, ya fi arha. Wasu suka ce a kira masu motar janwe mai shimfiɗaɗɗen baya, su da inshorarsu. Ni dai ina tare da na biyun, in mutum bai taɓa yin ribas da tirela ba.

5. Gilashi, fitilu da kusoshi a kwashe su a kwali daban, a rubuta sunan kowanne a jiki. A cire batir.