Magen da aka kawo mana ba ta kama ɓera, lafiya kuwa?

Maman Ummi, Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanin maigidana ne ya kawo wa yara wata farar mage mai gashi buzu-buzu, hancinta kamar an danna shi ciki. Wai 'yar Farisa ce. Sati uku ke nan ko katanga ban ga ta hau ba. Shekaranjiya ɓera ya gifta ta gabanta a kicin, ko kunne ba ta kaɗa ba, ta koma gindin randa ta miƙe abinta. Ga kwantsa kullum a ido. Ciwo ne, ko haka jinsinsu yake?

Baban Sadik, Hotoro:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Kyanwar Lami kika samu, ba cizo ba yaƙushi. Haka suke. Asalinsu ƙasar Iran ne, wato Farisa, wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, ya rubuta labarin irinsu wajen 1620, kuma har da su a babban baje kolin kyanwoyi da aka yi a Landan a 1871. Tun daga nan kiwon ado ake musu, zaman falo kawai suka sani. Na da can hancinsu bai lotsa haka ba. Masu kiwo a Amurka ne suka yi ta zaɓar masu shafaffiyar fuska tun shekarun 1950, hanyar hawaye ta matse, kwantsar ke nan. Ki riƙa goge mata da auduga da ruwan ɗumi.

Anti Bilki, Gyaɗi-Gyaɗi:
'Yar'uwa, ni gashin zan ja miki kunne a kai. Lokacin bikin ƙanwata na yi kwana goma ban taje tawa ba, ya cure a hammatarta kamar dambu, sai da likitan dabbobi ya aske ta tas. Kwana biyu tana fushi a ƙarƙashin gado! Kullum ki sa mata mataji. Sannan zafin Afrilu na wahalar da su, in kin ga tana haki baki buɗe kada ki jira gobe. Suna kuma gadon ciwon ƙoda, a duba miki ita.

Maman Ummi, Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wato ɓeran nan sai dai in aro muzurun maƙwabta. Matajin fa, na kitso zai yi?