Wa ya taɓa shiga gidan tarihin yaran Llullaillaco a Salta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Wata mai zuwa aiki zai kai ni Salta, a arewacin Ajantina, abokan aiki kuma sun matsa sai na shiga gidan tarihin da ake kira MAAM, inda aka ajiye gawar yara uku da mutanen tsohuwar daular Inka suka yi hadaya da su. Gabana faɗuwa yake. Waɗanda suka shiga, yaya kuka ji?

Ɗalibi a Cordoba: Wa alaikumus salam, Yaya. Na shiga bara, yana bakin dandalin 9 de Julio. Ba a fito da su gaba ɗaya, ɗaya ake nunawa, bayan wani lokaci a musanya. Ni babbar na tarar, wadda ake kira La Doncella, 'yar kimanin shekara 15. Tana zaune cikin akwatin gilashi mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, kai a sunkuye, kitsonta ƙanana-ƙanana ko warwarewa bai yi ba. Wallahi sai ka ce gyangyaɗi take. A 1999 aka tono su a ƙwanƙolin dutsen Llullaillaco mai tsayin mita 6,739, bayan kusan shekara 500 cikin ƙanƙara.

Uwar biyu: Ni ƙaramar na gani, wadda aradu ta faɗa wa bayan ta mutu, ga alamar ƙuna a fuskarta. Shekara shida, sa'ar autata. Ban daɗe a gabanta ba. Abin da ya fi karya mini zuciya ma kayan da aka binne su da su ne: ƙananan gumakan dabbar lama na zinariya da azurfa, da 'yan takalma. Na fito na zauna a dandali, shayin da na saya har ya huce.

Direban jirgin ruwa: Ni Juanita na gani a Arequipa ta Peru, wata yarinyar da ita ma Inka suka yi hadaya da ita, wadda aka samu a dutsen Ampato a 1995. Ita dukanta aka yi a ka. Na Salta kuwa binciken gashinsu ya nuna an yi ta ba su ganyen koka da giyar masara, musamman babbar a shekararta ta ƙarshe. Mu da muka saba gaggauta binne mamaci, abin na da nauyi. Wasu 'yan asalin yankin ma ba su yarda da nuna su ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Ana barin ɗaukar hoto?

Ɗalibi a Cordoba: Ko kusa, Yaya. Mayar da wayar aljihu tun daga ƙofa.