Digirin Digirgir a Fannin Kiɗa: Shawarwarin da Na Tsinta

Malamai da ɗaliban da muka tattauna da su, bakinsu ya zo ɗaya: kada sunan jami'a ya ruɗe ka, nemi malamin da zai duba aikinka. Karanta rubuce-rubucensa, sannan ka tambayi ɗalibansa ko yana dawo da babi cikin mako biyu, ko sai ya yi wata shida yana shan ƙura a teburinsa. Wannan ta fi shiga raina, domin na ga wanda bincikensa kan kalangu ya tsaya cik saboda rashin mai dubawa.

Tsarin ma ya bambanta. A Amurka digirin makaɗa, wato DMA, daban yake da PhD na masu bincike, kuma da darussa ake farawa, har a kai shekara 5 ko fiye. A Ingila shekara 3 zuwa 4 ne, bincike zalla. Ga mai son nazarin kiɗan Afirka, an ambaci UCLA, wato Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a Amurka, da SOAS, makarantar nazarin Asiya da Afirka ta Landan, da Jami'ar Gana a Legon, inda Farfesa Kwabena Nketia ya koyar.

Batun kuɗi kuwa, wata malama ta ce kada ka karɓi gurbi sai ka ga tallafi a rubuce, har da kuɗin zuwa wurin makaɗan da za ka yi bincike a kansu.