Richard Thompson shi kaɗai a dandamali: gwaninta ce ko tsimin kuɗi?

Kawu Mai Faifai: Salamu alaikum jama'ar zaure. Na ga hotunan da Baban Ilham ya watso na wasan Richard Thompson da suka je daren jiya, har da rubuta wai "wannan shi ne Thompson na gaskiya". Ni dai ban yarda ba, kuma gara in faɗa a gaban kowa. Mutum ya tsaya shi kaɗai da jitar katako, ba mai ganga, ba mai bes (jitar nan mai kaurin amo), ai rabinsa kuka gani. Haka tsofaffin makaɗan Turawa suke yi: in ƙarfi ya fara ja baya, kuɗin ɗaukar ƙungiya kuma ya yi nauyi, sai su sallami yara su rataya jita su shiga gari-gari. A 1949 aka haife shi. Ku yi lissafi da kanku.

Baban Ilham: Wa'alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Da kana zauren nan jiya da ba ka kawo zancen ƙarfi ba. A tsaye ya yi wasan tun daga farko har ƙarshe, da baƙar hularsa da aka san shi da ita, tsakanin waƙa da waƙa yana tsokanar jama'a ana dariya. Muryar ta yi kauri, ban musa ba. Amma hannun nan, Kawu, ko gezau.

Auta: Don Allah ku yi mana bayani mu 'yan baya. Wane ne shi ma tukuna?

Kawu Mai Faifai: Ka ji ko? Yaran zamani. Ɗan Landan ne, mahaifinsa ɗan Sikotland ne, ɗan sandan ciki. Yana da shekara 18 suka kafa ƙungiyar Fairport Convention a 1967. Su ne suka ɗauko tsofaffin waƙoƙin ƙauyukan Ingila, waɗanda kakanni ke rerawa ba kiɗa, suka ɗora su kan ganga da jitar lantarki. Faifansu Liege & Lief na ƙarshen 1969 shi ake ɗauka tushen wannan salo a Birtaniya. Sandy Denny na waƙa, Dave Swarbrick na goge, Dave Mattacks na ganga, Ashley Hutchings na bes, shi da Simon Nicol suna jita. Kuma fa sun yi shi ne watanni kaɗan bayan motarsu ta yi hatsari a hanyar M1 suna dawowa daga Birmingham, inda mai gangarsu Martin Lamble, yaro ɗan shekara 19, ya rasu tare da budurwar shi Thompson ɗin. To ka ji asalinsa. Lantarki ne ya fito da shi, cikin taro ya tashi. Yanzu a ce mini na gaskiyar shi ne wanda ya cire lantarkin ya kori taron?

Auta: Na gode Kawu. Na leƙa ɗan bidiyon da Yaya ya turo. Gaskiya ni ma ina da ja, amma ta wani ɓangaren. Abin da nake ji a ciki ya fi ƙarfin hannu biyu. Akwai bes yana tafiya a ƙasa, akwai kiɗa a tsakiya, ga kuma wani a sama yana gudu. Ina zargin akwai na'urar nan da ake takawa da ƙafa ta naɗi sauti ta riƙa maimaitawa, irin ta Ed Sheeran. In haka ne kuwa, ba shi kaɗai ba ne, shi da inji ne.

Maman Ilham: Auta, a layi na uku muka zauna, kuma ni hannunsa na zuba wa ido, don ba duk Turancin waƙoƙin nake kamawa ba. Akwai 'yan na'urori a gaban ƙafarsa, amma na gyaran amon jitar ne, ba na maimaitawa ba. Ga yadda za ka gane: in ya ɗaga hannu, komai tsit yake yi a take. Ba abin da ke ci gaba da kansa. Ɗan robar kaɗin yana tsakanin babban yatsa da manuniya, da shi yake dukan tsirkiyoyi masu kauri. Yatsan tsakiya da mai bi masa kuma suna can ƙasa suna tsinkar sirara, kowanne da aikinsa. Kafin wasu waƙoƙin sai ya tsaya yana murɗa kunnuwan jitar, ya sassauta masu kaurin har su koma gurnani. Daga nan bes ɗin da kake ji yake fitowa.

Auta: To in haka ne Anti, hannun dama ɗaya yana aikin mutum biyu kenan.

Maman Ilham: Uku ma wani lokacin. Akwai wani dattijo Bature kusa da ni da ya yi ta miƙa wuya yana ƙirga yatsu.

Baban Ilham: Bari in koma kan zancen tsufa, don nan ne hujjar Kawu take da rami. Wasan shi kaɗai ba yau ya fara ba. Bayan ya bar Fairport a 1971, shi da matarsa Linda a ƙananan kulob-kulob na waƙar gargajiya suka yi ta yawo da jitar katako. Sannan akwai faifan da aka naɗa a New York a 1982, shi kaɗai a gaban jama'a, aka fitar a 1984. Shekararsa nawa a lokacin? Talatin da 'yan kai. Wane tsufa ne ya kama shi a nan?

Kawu Mai Faifai: Madalla da ka kawo wannan da kanka. Ina da faifan a gida. Ka san shi mai shi bai gamsu da shi ba, har ya sa aka janye shi daga kasuwa na tsawon lokaci? Shaidar da ka kira ta tsaya a bayana.

Baban Ilham: Rashin gamsuwa da naɗin 'yan darare daban, rashin gamsuwa da salon daban, Kawu. In da salon ne bai so, me ya sa a 2014 ya koma ya sake naɗar manyan waƙoƙinsa da jitar katako zalla, ya kuma ƙara wani a 2017? Ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya.

Kawu Mai Faifai: Kasuwa ta sa masa. Masu zuwa wasan suna son abin da za su saya a bakin ƙofa.

Malam Na Bradford: Ku gafarce ni in tsoma baki. Na taɓa jin an ce mutumin nan musulmi ne. Gaskiya ne ko zancen mutane?

Kawu Mai Faifai: Gaskiya ne Malam. Shi da Linda sun musulunta a tsakiyar shekarun 1970, suka shiga jama'ar sufaye ta Shehu Abdulƙadir as-Sufi, wanda shi ma Bature ne ɗan Sikotland. A bangon faifansu na 1975 da rawani ya fito. Har sun jingine kiɗa na 'yan shekaru, sai 1978 suka dawo. Aurensu ya mutu a 1982, amma shi bai bar addinin ba, yana faɗa a hirarraki.

Malam Na Bradford: Allah ya tabbatar da mu baki ɗaya. Sai dai batun kiɗan kansa...

Shugaban Zaure: Malam, da girmanka, waccan muhawarar mun yi ta a bara har wasu suka fita daga zaure. A bar ta a inda take. A ci gaba da ta jita.

Maman Ilham: Kawu, ina da tambaya, kuma ba raini. Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yake tsayawa shi kaɗai, ba 'yan amshi, ba kalangu. Shata kuwa sai da makaɗa da 'yan amshi. Ka taɓa jin wanda ya ce Ɗanmaraya rabin mawaƙi ne, ko tsimi ya hana shi ɗaukar yara?

Kawu Mai Faifai: 'Yata, kin kawo misali mai kyau amma ba a nan zai zauna ba. Ɗanmaraya da kuntigi aka san shi, ba wani abu ya ajiye ya ɗauke shi ba. Shi wannan akwai abin da ya ajiye, kuma ni na gan shi da idona. Na kalle shi da ƙungiya ba sau ɗaya ba. In ya rataya jitarsa ta lantarki, Stratocaster, ya shiga dogon kiɗan nan na tsakiyar waƙa, minti bakwai, minti goma, ba ka san inda zai ɓulla ba. Kusan duk makaɗan jitar Ingila na zamaninsa, su Eric Clapton, kiɗan baƙaƙen Amurka suka kwaikwaya. Shi ya ƙi. Ya koma kan algaitar jaka ta 'yan Sikotland da gogen ƙauye, yana lanƙwasa tsirkiya biyu a lokaci guda har ka ji kamar za ta tsinke, mai ganga na bin sa a baya yana ingiza shi. Wannan ingizawar ita ce maganata. Mutum ba ya ingiza kansa. Ba mai ganga, wa zai tsokane shi ya fita daga abin da ya shirya tun daga gida? Jitar katako kuma ba ta riƙe sauti ya daɗe yana kuka, kana kaɗawa yake mutuwa. Duk gwanintar yatsu ba ta maye wannan.

Auta: Nan kam Kawu ya yi magana. Ko a ɗakin naɗar sauti haka ne, abin da lantarki ke ja ya daɗe, katako ba ya iyawa.

Baban Ilham: Ban ce yana iyawa ba. Amma Kawu ya faɗi abin da ake rasawa, bai faɗi abin da ake samu ba. Mutumin nan marubucin waƙa ne kafin komai, kuma waƙoƙinsa labarai ne. Da ƙungiya rabin kalmomin a ƙarƙashin ganga suke nutsewa. Jiya kuwa kowace kalma ta iso. Ɗauki waƙarsa da aka fi roƙo, ta babur ɗin nan Vincent ƙirar 1952, wadda ta fito a 1991: ɗan fashi matashi, budurwa mai jan gashi, an harbe shi, yana gadon asibiti ya miƙa mata makullin babur. Ko a faifan asali shi kaɗai ne da jitar katako, a tsakiyar faifan da akasarinsa ƙungiya ce. Mawaƙin Amurka Del McCoury ya ɗauke ta ya kai ta kiɗan ƙauyen Amurka, Bob Dylan ma ya rera ta a wasansa a 2013. Wato abin da ya fi shahara da shi a duniya ba ganga a ciki. Yaya za a kira wannan rabi?

Kawu Mai Faifai: Waƙa ɗaya ce.

Baban Ilham: Waƙa ɗaya da in bai yi ta ba ba za a bar shi ya fita daga zauren ba.

Hajiya Mai Lissafi: Tun ɗazu ina karantawa. Ni aikina lissafi ne, don haka bari in raba muku gardamar kuɗin. Kawu bai yi ƙarya ba. Ƙungiya tana nufin albashin makaɗa, ɗakunan otal, babbar mota, masu ɗaukar kaya. Shi kaɗai kuwa, shi da mai kula da sauti sun isa. Dole ribar ta fi. Amma don abu ya fi arha ba shi ke nuna ya fi rauni ba. Kuma arhar ce ta kawo shi garinku, Baban Ilham. Da sai da ƙungiya, ƙaramin zaure irin naku ba zai iya biya ba, sai dai ku bi shi Landan ko Manchester. Abu na biyu, Kawu, maganar "sallamar yara" ba ta tsaya ba. Faifansa na 2013 sunansa ma Electric, da mai ganga Michael Jerome da mai bes Taras Prodaniuk. Na 2024 ma da ƙungiya ya yi shi, ya kuma zaga da su. Mutumin da ke yin duka biyun bai ajiye ɗaya ba.

Kawu Mai Faifai: Hajiya, kin taimake ni ba ki sani ba. In har yana da shekara 75 ya ga dole ya sake tara ƙungiya, alhali ya san ribar ba ta kai ba, ashe ya san inda zuciyarsa take. Bikin cikarsa 70 a babban zauren Royal Albert Hall na Landan a 2019 fa? Shi kaɗai ya yi? Dandamali cike ya yi da mutane, har David Gilmour, makaɗin jitar ƙungiyar Pink Floyd, ya zo.

Maman Ilham: Kawu ai biki ne. Wa ke bikin haihuwa shi kaɗai?

Auta: 😂😂 Anti ta gama da Kawu.

Kawu Mai Faifai: Ba ta gama da kowa ba, kai kuma ka iya bakinka. Abin da na ce tun farko Baban Ilham ya janye kalmar "na gaskiya". Ya ce ya ga wasa mai kyau, ba wanda zai yi musu. Amma wanda bai taɓa tsayawa gaban lasifika mutumin nan yana yaga Stratocaster ba, bai isa ya yanke wane ne na gaskiya ba.

Baban Ilham: Ni kuma ba zan janye ba Kawu, da dukkan ladabi. Da ƙungiya, in yatsa ya zame akwai mai rufa maka asiri. Jiya ba kowa a bayansa sai labule.

Kawu Mai Faifai: Ana yin bikin Cropredy na Fairport duk watan Agusta a Oxfordshire, yakan leƙa wasu shekarun. Duk shekarar da aka sa sunansa da ƙungiya, ni zan saya maka tikiti, kai ka zuba mai. Auta ma ya zo ya riƙe mana kujeru.

Auta: In dai ba a tanti za mu kwana ba, na yarda.

Hajiya Mai Lissafi: A tanti za ku kwana. Gona ce.