Ƙarin RAM a EliteBook 840 G2: PC3 zan saya ko PC3L?

ƊanGarinMalam: Assalamu alaikum. Ina da kwamfuta HP EliteBook 840 G2 mai RAM (ma'ajiyar da take aiki da ita in tana kunne) jiga 4, wato 4 GB. Ina rubuta memuwar (kundin kammala karatu) a Jami'ar André Salifou ta Zinder, da na buɗe QGIS (manhajar taswira) da Word tare sai ta tsaya cak. Gurbin RAM biyu gare ta, ɗaya fanko. Wani mai shago wajen kasuwar Dole ya nuna mini baret (sandar RAM) biyu na jiga 8: PC3-12800S jaka 9, PC3L-12800S jaka 13. Ya ce duk ɗaya ne. Kuɗin ba yawa gare ni ba. Wanne zan ɗauka?

Bazongo: Wa alaikumus salam. Bar zancen RAM, ka sa SSD, ma'ajiyar da ta fi hard disk sauri. Ni tun da na sa, kafin in zuba shayi ta gama tashi.

MamanHalima: Ƙanena, kome za ka saya, kada ka bar musu na'urarka ta kwana. Ni aikin buga takardu nake, da shi nake ciyar da yara. Na kai tawa wajen wani mai gyara don fanka kawai, ya ce in dawo gobe. Da jiga 8 na kai ta. Bayan ta dawo sai nauyi, sai tsayawa, ga ɗalibai na jiran takardunsu. Ɗan yayata ne ya duba ya ce jiga 4 ke ciki. Na koma, mutumin ya rantse da Allah haka na kawo ta. Ba ni da shaida. Masu ba ni aiki da yawa sun koma wani wuri, har yau ba su dawo ba. Na bar shi da Allah.

Alhaji_Birni: Allah ya isar miki, Hajiya. A faɗi sunan shagon mana.

MamanHalima: A'a Alhaji, surukin maƙwabcina ne, ba na son fitina.

ƊanMatamaye: Jaka 13? An tsuga maka. Na sayo jiga 8 a Kano bai kai jaka 7 ba in ka canza naira.

Bazongo: Ka haɗa da kuɗin mota da na hanya? A Maradi jaka 15 aka ce mini.

ƊanMatamaye: Kai ma ka nemi RAM nau'in DDR4 kawai, ya fi gudu.

MaiGyaraSabonGari: Don Allah kada ku sa yaro ya yi asara. DDR4 ba zai ma shiga ba: ƙafafunsa 260, na DDR3 204, kuma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. PC3 da PC3L kuwa duk dangin DDR3 ne, siffarsu ɗaya, shi ya sa ake ruɗewa. Bambancin a wuta yake, PC3 volt 1.5, PC3L volt 1.35. Na'urarka Intel ƙarni na biyar ce, PC3L take so. PC3 zai shiga gurbin lafiya lau, ka kunna ka ga baƙin allo. Ka kwance murfin ƙasa, ka karanta takardar da ke jikin baret ɗinka. Iyakarta jiga 16. Kuma in Windows ɗinka 32 bit ne, ko ka ƙara ba za ta ga fiye da kusan jiga 4 ba.

ƊanMatamaye: Ni na haɗa PC3 da PC3L a tawa, tana aiki har yanzu.

MaiGyaraSabonGari: Taka tsohuwa ce mai karɓar 1.5, PC3L na iya aiki a nan. Tasa ba haka ba ce.

Alhaji_Birni: Malam, ba raini ba, amma bayan abin da Hajiya ta faɗa wa zai yarda da maganar mai gyara?

MaiGyaraSabonGari: Alhaji, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ya je da na'urarsa, a sa a gabansa, a kunna, ya ga jiga 12 da idonsa kafin ya miƙa ko dala.

Bazongo: In ya buɗe murfin nan bayan hunturun bana, yashin da zai fito ya isa a yi bulo biyu.

ƊanGarinMalam: Na gode Malam. Na duba, PC3L ne a ciki. To jaka 13 ɗin ya yi, ko in jira mai zuwa Kano?

MamanHalima: Ai ba RAM kaɗai ba. Caja ma na jabu suke sayarwa, ga wutar nan da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi. Wadda na saya da zafin bara narkewa ta yi a soket.

Alhaji_Birni: Tawa ma haka, har ta tafi da batirin. Wai ina ake samun ta asali a garin nan?

ƊanMatamaye: Kano.