Tsutsar baƙin ƙuda a abincin tarwada: abin da masu kiwo suka ce

Da masu kiwon tarwada suka zauna tattaunawa kan tsadar abincin kifi, wanda kan cinye fiye da rabin kuɗin kiwo, magana ta koma kan tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira soja. Idan ta bushe, kusan kashi 40 cikin 100 nata furotin ne, kuma cikin mako biyu zuwa uku ta isa girbi.

Inda aka fi jan hankali shi ne abin da ake ciyar da ita. Dusa, tukar awara da ragowar 'ya'yan itace na kasuwa sun isa. Kashin mutum da mushe kuwa, a'a. Tarayyar Turai ma da ta halatta garin ƙwari a abincin kifi a 2017, sai da ta gindaya sharaɗi kan wannan.

Kada a jefar da garin kifi, wanda aka saba haɗa abincin tarwada da shi, gaba ɗaya. A fara da maye kashi ɗaya cikin huɗu nasa da garin tsutsar, a ga yadda tarwada ke girma, don fatar tsutsar ba ta narkewa da sauƙi, ga mai da yawa. Wasu na watsa ta da rai cikin kududdufi. A ganina busarwa ta fi, amma ta bushe ƙarau, in ba haka ba ta yi funfuna a buhu.